Inda Ake Ajiye Mutum a Cikin Hoto: Jagora ga Mai Ɗauka da Waya a Karkara

Shekarun baya, a wani ɗaurin aure da aka yi a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, an miƙo mini waya bayan an shafa fatiha, aka ce in ɗauki ango da abokansa a ƙofar gida. Na jera su, na danna, kowa ya kama gabansa. Sai da aka wanko hoton a gari aka kawo, sannan muka ga cewa wata doguwar gorar eriya da ke bayan katanga ta fito daidai tsakiyar hular ango kamar daga kansa ta tsiro, rabin hoton kuma sama ce fara fat, ga ƙafafun mutane duk an datse su daga idon sawu. Har yau taubasansa ba su daina kiransa mai ƙaho ba. Wayar ba ta da laifi ko kaɗan, domin abin da ke gabanta ta ɗauka. Idon ɗan Adam yana da son zuciya, abin da mutum ya nufa shi kaɗai yake gani, amma kyamara ba ta san ango ba, ba ta kuma san gora ba, duk matsayinsu ɗaya a wurinta. Aikin mai ɗauka shi ne ya yi mata zaɓen da ba ta iya yi wa kanta, wato ya tsara abin da zai shiga filin hoton, da abin da zai fita, da kuma inda kowane abu zai zauna.

Matakin farko ba ya buƙatar taɓa waya ma. Kafin ka ɗaga hannu, ka tambayi kanka hoton mene ne za ka ɗauka, kuma ka ba da amsa da kalma ɗaya ko biyu. Wannan abin da ka ambata shi ne jigon hoton. Wanda ya shiga karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis zai ga bijimai da raƙuma da dillalai da motoci da ƙura ta turnuƙe, kuma zuciya za ta so ta kwashe su gaba ɗaya a hoto guda. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Idan ka yi haka, wanda ka tura wa hoton zai ga hayaniya ce kawai, idonsa ya rasa inda zai sauka. Amma idan ka ce jigona shi ne hannun mai saye da na mai sayarwa a lokacin da aka sallama, ko kuwa ƙahonin wancan farin bijimi, to ka san inda za ka tsaya, ka san kuma abin da za ka bari a waje.

Bayan ka san jigo, sai batun inda za a ajiye shi. A cikin saitin kyamarar kusan kowace waya ta zamani, Tecno ce ko Infinix ko Samsung ko iPhone, akwai wurin kunna layukan jagora, waɗanda wayar ke kira girid. Idan ka kunna su, layi biyu a tsaye da layi biyu a kwance za su bayyana a kan allo, su raba shi gida tara kamar gidajen hatimi. Waɗannan layuka ba sa fitowa a cikin hoton, don kai kaɗai aka yi su. Abin lura a nan shi ne wurare huɗu da layukan suka gitta juna, domin ƙa'idar da ake kira ta raba uku cewa take yi a ɗora jigon hoto a kan ɗaya daga cikin layukan, ko a kan ɗaya daga cikin mahaɗan nan huɗu, maimakon a dasa shi a tsakiya. Ƙa'idar ta girmi kyamara, domin wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya ambace ta a rubuce tun 1797 yana magana a kan zanen shimfiɗar karkara, fiye da shekara 40 kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa a 1839.

Amfaninta yana fitowa fili idan aka gwada. Ka ɗauki manomi yana huɗa da shanu a farkon damina, ka sa shi a tsakiyar hoto: ido zai faɗa kansa ya tsaya cak, ragowar gonar ta rabu biyu, kowane ɓangare bai isa ya faɗi komai ba. Ka sake ɗauka, wannan karon ka karkata wayar har manomin da garmarsa su hau layin hagu. Yanzu kashi biyu cikin uku na hoton ya zama gona, ana ganin faɗinta, ana ganin kunyoyin da aka gama da filin da ya rage, kuma mai kallo ya fahimci girman aikin da ke gaban mutumin ba tare da an gaya masa ba. Mutum ɗaya ne, gona ɗaya ce, abin da ya sauya kawai shi ne wurin da aka ajiye shi.

A ƙasa irin tamu, musamman daga Gumel zuwa Haɗeja inda ƙasa take shimfiɗe ba tudu ba kwari, layin da sama ta haɗu da ƙasa yana shiga kusan kowane hoto na waje, don haka dole a yanke shawara a kansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya raba hoton gida biyu daidai wa daida. Ka duba wanne ya fi labari, sama ko ƙasa. Idan hadari ya taso daga gabas a watan Agusta, ya yi baƙi ƙirin a bisa gonakin gero, sama ce ke magana, sai ka sauke mahaɗar sama da ƙasa zuwa layin jagora na ƙasa ka ba gajimare kashi biyu. Idan kuwa kana tsaye a fadamun noman rani na Kadawa ko Kura, shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka, ka ɗaga mahaɗar zuwa layin sama. A lokacin hunturu shawarar tana da sauƙi, domin hazo yana mayar da sama fara ba komai a cikinta, kuma duk wurin da ka ba ta asara ce. Ko ina ka ajiye layin, ka tabbata a miƙe yake, ka daidaita shi da layin jagora kafin ka danna. Karkata kaɗan ba ta cika nunawa a hoton gona ba, amma a bakin madatsar ruwa ta Tiga nan take za a gane, domin ruwan zai yi kamar zai tsiyaye ta gefen hoton.

Sai kuma abin da ke tafiya ko yake kallon wani gefe. Mahayi a hawan sallah na Kazaure, ko amalanke ɗauke da dammunan dawa, ko yarinya da ƙwaryar fura a kai, duk suna buƙatar fili a gabansu. Idan doki yana sukuwa zuwa dama, ka ajiye shi a layin hagu, ka bar masa sarari ta inda ya nufa. Idan ka matse hancinsa da gefen hoton, ka bar fili a bayan wutsiyarsa, zai yi kamar wanda zai yi karo da bango, kuma mai kallo zai ji ƙunci ko da bai san dalili ba. Haka yake ga mutumin da ke zaune yana duban gefe: filin ya kasance ta inda idonsa yake kallo. Wasu masu koyarwa suna ƙarawa da cewa wai ido daga hagu yake shiga hoto ya tafi dama, don haka a riƙa tsara motsi ta wannan fuska. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin doka ba, domin daga ɗabi'ar karatun boko aka samo shi, mu kuwa yawancinmu da allo muka fara, daga dama zuwa hagu.

Hoton mutum guda shi ne aka fi ɗauka, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Saboda fuska ce ke jan hankalin mai ɗauka, sai ya sa ta a tsakiyar allo, abin da ke haifar da fili mai yawa a bisa kai, ƙafafu kuma su fita. Gyaran shi ne ka ɗora idanun mutum a kan layin sama ko kusa da shi, sai ka ga komai ya hau daidai. A bar ɗan sarari a bisa kai, amma a tuna cewa kan mutuminmu ba a gashi yake ƙarewa ba. Hula da rawani da ɗaurin kallabi duk suna cikin kamalar mutum, kuma wanda ya kashe kuɗi ya sayi hula ta musamman domin sallah ba zai gode maka ba idan ka yanke mata rabi. Idan ba duk jiki za ka ɗauka ba, kada gefen hoton ya faɗo a kan gaɓa, wato wuya ko gwiwar hannu ko wuyan hannu ko gwiwa ko idon sawu, domin yankan da ya zo a gaɓa yana kama da guntulewa. A yanka a tsakiyar ƙirji, ko ƙasa da ƙugu kaɗan, ko a tsakiyar cinya. Idan kuma cikakke ne, to ya zama cikakke har da takalmi da ɗan ƙasar da aka taka.

Tsayin da ka riƙe wayar yana sauya fasalin mutum fiye da yadda ake zato. Babban idon kyamarar waya mai faɗi ne, yana kwaso wuri da yawa, kuma yana kumbura duk abin da ya matso kusa da shi. Shi ya sa idan ka kusanta fuska sosai hanci yake girma, kunnuwa su noƙe. Ka ja da baya taku biyu ko uku, ka riƙe wayar a miƙe daidai tsayin idon wanda kake ɗauka. Ga yara, wannan yana nufin ka tsuguna, domin yaron da aka ɗauka daga sama kai ne kawai da 'yan ƙafafu a ƙarƙashi. Masu kiwon da ke tura hoton rago ta WhatsApp gabanin babbar sallah ya kamata su fi kowa kiyaye wannan. Na ga ragon da aka yi wata shida ana turka shi, aka tsaya a kansa aka ɗauke shi ta gaba, ya fito da ƙaton kai da ɗan jiki kamar tunkiyar da ta sha rani. Da mai shi ya durƙusa daidai kafaɗar ragon, ya ɗauke shi ta gefe a gaban katanga, ƙafafu huɗu duk a ƙasa ana ganinsu, sai tsayinsa da ƙibarsa suka bayyana yadda suke, ba ƙari ba ragi.

Yanzu mu koma ga gorar nan da ta tsiro a kan ango, domin bayan hoto shi ne abin da ya fi raba gwani da ɗan koyo. Ka ɗora wa kanka al'ada: bayan ka saita jigo, ka ɗauke ido daga kansa, ka zagaya kusurwa huɗu na allon, sannan ka dubi abin da ke bayan kansa kai tsaye. A tsakar gida za ka tarar da buta, da bokiti, da igiyar shanya, da baƙar leda da iska ta maƙala a danga, da wutsiyar akuya ta leƙo ta gefe. Wasu hannu ɗaya ya isa ya kawar da su. Waɗanda ba sa kawuwa, kamar turke ko itace ko babur ɗin baƙo, taku ɗaya zuwa hagu ko dama yakan raba su da kan mutum, tsugunawa kaɗan kuma takan ɓoye tarkacen da ke ƙasa. Ƙafarka ita ce babban kayan aikinka a nan, kuma akwai ladabi a cikin hakan. Idan dattijo ne a zaune a kan buzunsa, ba daidai ba ne yaro ya riƙa tayar da shi yana ce masa ya matsa nan ya koma can. Kai ne za ka zagaya har ka sami kusurwar da ta dace, iyaka dai ka ce, "Baba, don Allah a ɗan dubo nan," ko ga mai sarauta, "Ranka ya daɗe, a ɗan ɗago." Haka kuma ba a ɗaga waya a kan mutum, musamman mata a cikin gida ko a bakin rijiya, sai an nemi izini.

Bayan da ya fi kyau shi ne wanda ya bambanta da jigo kuma bai yi gasa da shi ba. Jar katangar laka tana fito da farar shadda da kyau ƙwarai, darnin kara kuma yana karɓar atamfa mai launi. Kada a manna mutum da bangon, a jawo shi gaba taku uku ko huɗu, domin inuwarsa ta faɗi ƙasa, bangon kuma ya ɗan dushe. Haske ma yana cikin wannan lissafi. Da tsakar rana, rana tana tsaye bisa kai, sai hula ta jefa inuwa a goshi, idanu su zama ramuka, farar riga kuma ta yi ƙyalli har ɗinkin wuyanta ya ɓace. Lokacin da ya fi shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba, kana ajiye mutum yadda hasken zai zo masa ta gefe. Idan dole ne a ɗauka da rana, a shiga inuwar gini, domin inuwar darbejiya tana zuba ɗigo-ɗigon haske a fuska kamar kyasbi. Daga nan sai ka taɓa fuskar mutum a kan allo, don wayar ta auna haske da ita maimakon da rigarsa.

Karkara cike take da layukan da ke jan ido, sai dai mun saba da su har ba ma ganinsu. Kunyoyin gona, da burtali tsakanin shinge biyu, da magudanar ruwan noman rani, da jerin rumbuna a bayan gari, duk hanyoyi ne da ido ke bi ko ya so ko bai so ba. Dabarar ita ce ka tsaya inda layin zai taso daga ɗaya daga cikin kusurwoyin ƙasa na hoton, ya tafi ya ƙare a kan jigonka. Idan layin ya wuce jigo ya fita ta gefe, zai tafi da idon mai kallo ne. Kusa da wannan akwai dabarar ƙofa: ka tsaya a cikin zaure, ka ɗauki wanda ke waje ta bakin ƙofar, sai duhun zauren ya kewaye shi ya hana ido yawo. Rassan kuka da suka sunkuyo ma suna yin wannan aiki. Idan kana son hoton ya yi zurfi, ka nemi hawa uku, wani abu a kusa, jigo a tsakiya, wani abu a nesa, kamar damin gero a gabanka, mata suna sussuka a bayansa, can nesa kuma rumbu da giginya. Manyan abubuwa kuwa suna buƙatar ma'auni, domin duwatsun Dutse ko na Birnin Kudu, idan aka ɗauke su su kaɗai, ba a bambanta su da tsibin tsakuwa, sai an sa mutum ko jaki a gindinsu.

Duk da abin da aka faɗa a kan raba uku, akwai lokutan da tsakiya ita ce daidai, kuma wanda ya riƙe ƙa'idar kamar farilla zai ɓata su. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani yana riƙe da allonsa mai zayyana, yana duban kyamara kai tsaye, tsakiya ce wurinsa, domin ba labarin gona ko hanya ake bayarwa ba, shi ɗin ake nunawa. Fuskar masallaci ko ƙofar gidan hakimi, inda hagu da dama suke daidai, tana son ka tsaya a tsakiya sak, ko ɗan kaucewa zai zama kamar kuskure. Idan itace ya yi inuwa a cikin ruwan tafki, a nan ya halatta layi ya raba hoton biyu. Akwai kuma wani ma'aunin da ake kira na zinariya, wanda ke sa layukan a wajen kashi 38 da 62 cikin 100 maimakon 33 da 67. Bambancin bai kai ya hana ka barci ba.

Hoton taro yana da nasa tsari, kuma al'adarmu ta riga ta yi rabin aikin: manya a zaune a tsakiya, matasa a tsaye a baya, yara a ƙasa a gaba. Abin da ya rage gare ka shi ne ka tabbata kowace fuska tana leƙowa ta tsakanin kafaɗu biyu, kuma kada layin ya yi tsawo har ya cika allon daga gefe zuwa gefe, domin idon waya mai faɗi yana miƙe waɗanda ke can bakin hoto, su fito da faɗi fiye da yadda Allah ya yi su. Gara layi uku gajeru da layi ɗaya dogo. Ka ɗauka sau uku ko huɗu, domin a taron mutum ashirin ba a rasa wanda ya ƙifta ido.

Game da riƙe waya a tsaye ko a kwance, siffar jigo ce ke yanke hukunci: mutum ɗaya a tsaye ko giginya, a tsaye, garke ko taro ko gona, a kwance. Ka guji jawo abu da yatsu biyu a wayar da ke da ido ɗaya, domin yanka kawai take yi ta faɗaɗa. Da ƙananan ɗigo ake haɗa hoton waya, kuma wanda ke da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsayi, wato miliyan 12, idan ka jawo shi ninki biyu miliyan 3 kawai ya rage, shi ya sa yake fitowa dishi-dishi. Matsawa da ƙafa ya fi. Sannan ka san inda hoton zai je tun kafin ka ɗauka. Yawancin wayoyi suna ɗauka a ma'aunin 4:3, alhali katin da aka fi wankewa mai inci 4 da 6 ma'auninsa 3:2 ne, don haka mai wanki zai datse kashi ɗaya cikin tara na tsayin hoton da aka ɗauka a kwance, rabi daga sama rabi daga ƙasa. Idan hoton ɗaurin aure ne ko suna da ka san za a wanke a sa a bango, ka ƙara taku ɗaya baya, ka bar sarari kamar faɗin yatsa a bisa hular mafi tsawo, da wani a ƙarƙashin takalman da ke sahun gaba.